Magaryar Filin Aro

Mai Nasara, ɗan marigayi Alhaji Mamudu, shi ne ya sare magaryar Baffa Ishaƙu. Da hantsi ya yi wannan aiki, mai iccen yana kwance bisa tabarma a ƙofar ɗakinsa yana kallo, ba ya iya tashi. Na ambaci sunansa tun farko don kada wata rana wani ya ce gara ce ta ci ta, ko iska ce ta kayar. Gatari ne. Na san gatarin ma, domin a maƙerata aka ƙera shi, kamar kowane gatari na unguwarmu a Maijirgi.

Katanga ɗaya ce tsakanin maƙerata da gidan Baffa. Ina cikin zuga wuta na ji muryar matarsa, Inna Aishatu, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Mai Nasara, dubi Allah. Ɗiya gare ta, ko nuna ba su yi ba."

"Inna, ba ni da magana da ke. Baba aron zama ya ba ku, bai ba ku aron dashe ba."

Na aje guduma na zagayo. Kafin in shiga har ya gama. Icce ne ƙarami, kaurinsa bai wuce ƙotar fartanya ba, ba ya buƙatar sara da yawa. Na iske iccen kwance a tsakar gida, rassansa sun faɗa kan turmi, ƴaƴansa kore shar sun watse cikin rairayi, akuya tana jan igiya tana neman kai baki.

Na ce, "Ka ji kunya, Mai Nasara. Ko jira ba ka iya yi?"

"Rufa'i, koma ga ƙarfenka. Ran da aka taɓa filinku sai ka yi magana."

Ya saɓa gatari ya fita. Bai dubi tabarmar ba ko sau ɗaya. Na bi bayansa da maganganun da ba zan rubuta a nan ba, sai Baffa ya kira ni.

"Maƙeri, bar ɓata bakinka. Duba man, ina ya sara? Bisa ga ɗaurin ko ƙasa?"

Na duƙa. Wurin da Baffa ya haɗa reshe mai kyau da gindin magaryar daji yana nan, ya kumbura kamar gwiwa, amma yana jikin abin da ya faɗi. Abin da ya saura a ƙasa ɗan kututture ne kawai.

"Ƙasa."

"To, an gwada mashi inda zai sara." Ya rufe ido kaɗan, ya buɗe. "Aishatu, jiƙo buhu. Maza, kahin rana ta sha su."

Dole in koma baya, don wanda ba ɗan nan ba ne ya gane.

A ƙasarmu wanda aka ba aron fili yana iya gina ɗaki, ya ɗaure akuya, ya shuka kuɓewa da yakuwa. Icce ne ba ya dasawa. Ɗaki yana rushewa, kuɓewa tana bushewa, amma icce yana tsayawa ya zama shaida. Bayan shekaru jikoki za su nuna shi su ce kakanmu ne ya dasa, saboda haka nan namu ne. Ban ce al'adar banza ba ce. Na ga ƴan uwa sun daina gaisawa a kan kuka guda.

Baffa Ishaƙu Bafillace ne. Farin tamanin da huɗu ya cinye shanunsa kaf, ya shigo Maijirgi da mata da tabarma da sanda. Alhaji Mamudu ya ba shi wannan fili na jikin katangar maƙerarmu, a gaban shaidu, da sharaɗin nan guda. Baffa ya ce ya ji, ya ɗauka.

Abin mamaki, sai abincinsa ya zo ta icce. Da rani yakan tafi ƙwadago lambunan Maraɗi, can ya koyi yi wa icce aure: a yanko reshen icce mai daɗin ƴaƴa a ɗaura shi a gindin wanda ya saba da wahalar ƙasarmu, su haɗe su zama ɗaya. Hannunsa ya karɓi aikin. Mangwaro, lemu, gwaiba, da magaryar nan mai manyan ƴaƴa da ƴan lekol, wato ƴan boko, ke ce wa pom du Sahel, da wuya ka shiga gida mai icce a garin nan ba ka iske hannun Baffa ba. Har daga garin Kona ana zuwa da amalanke a ɗauke shi. Ni na ƙera masa wuƙar aikin, ƴar siririya, ya yi shekaru yana cewa ba ta da kaifi, bai kuma taɓa yarda wani ya taɓa ta ba.

A gidansa kuwa komai cikin mazubi yake. Yakan binne ƙwallon mangwaro a yankakken bido, wato jarkar roba, irin lemu a gwangwani, ya jera su bisa duwatsu a gindin katanga. Akwai wani lemun tsami da ya tsufa cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, bai taɓa wuce ƙugun mutum ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa. In ya ga saiwa ta leƙo ta ƙasan bido tana neman ƙasa, sai ya datse ta.

Na taɓa ce masa, "Baffa, wa zai gani?"

Ya ce, "Ni na ce ma Alhaji ba ni dasawa. Saiwa ba ta nan ran da aka yi maganar, sai ina tuna mata."

Tsakanin maƙera da Fulani akwai wasa tun kakanni, saboda haka ko da ya haife ni, ba ma raga wa juna. Ni in ce masa Bafillace marar saniya, shi ya ce mini bawansa mai cin gawayi. Kullum da la'asar yana zaune a kan tsohon turmi a ƙofar maƙera yana fiƙe tsinke. Wata rana lokacin mangwaro yarinya ta kawo masa cikin kwano daga wani gida da ya yi wa aiki. Ya yi godiya, ya miƙo mini ɗaya, ya daɗe yana juya nasa a hannu bai sha ba.

"Kowa na aiko man a kwano," in ji shi. "Allah shi saka masu. Amma ka san sa'ad da nike da shanu, duk wanda ya ratso ruga sai in ce, zamna ka sha nono. Ban tambayar sunanshi. Tun da na shigo garin ga ban sake ce ma kowa haka ba. In dai da rai, ina son in yi baƙo sau guda, in gwada mashi reshe, in ce, tsinki ka ci. Shi ke nan."

Na ce, "Sai ka sayi fili."

"Da mi? Da gawayinka?"

Muka yi dariya, maganar ta wuce. Ni ta wuce mini. Shi ba ta wuce ba.

Magaryar da kanta ta tsiro a bayan turken akuya, daga kashin akuyar. Shekara da shekaru Inna Aishatu tana sassabe ta saboda ƙaya, tana sake fitowa. A shekarar da ƙafafun Baffa suka fara kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, ruwan farko yana sauka na leƙa ta katanga na gan shi durƙushe a gabanta da wuƙa da tsinke.

Na ce, "Baffa, mi kake yi?"

"Abin da ka gani."

"Filin aro ne."

"Ban dasa ba. Akuya ta kawo, Allah ya tsirar. Ni reshe kawai na ara mata."

Na gaya masa gaskiya, domin ban iya wani abu ba. Na ce da Alhaji yana raye zai gane bambancin, amma Alhaji ya rasu, ba a ko raba gadonsa ba, kuma Mai Nasara ya ɗauki komai kamar shi kaɗai aka haifa. Kowa ya san wani ɗan kasuwa na Tasawa yana son filin don ya gina butik, wato kanti, saboda kusancinsa da gudron, titin kwalta. Mai Nasara ba abin da yake jira sai a fitar da Baffa a makara.

Baffa ya ci gaba da naɗa leda a wurin ɗaurin. Ya ce, "Ba ni son hilinsu, Rufa'i. In na mutu su kwashe har duwatsun. Lokacin ɗari guda nike so, in ga ta yi ɗiya."

Reshen ya kama. Kafin a cire gero ya wuce tsayin mutum, da kaka ya yi fure, ƙudan zuma suka cika gidan. Da sanyi ya shigo ga ƴaƴa nan reto, wasu sun kai ƙwan zabo. A lokacin Baffa ya daina zuwa ƙofar maƙera. An kai shi likita a Tasawa, aka ba shi magani, aka ce zuciya ce, a koma gida. Sai ya sa aka riƙa shimfiɗa masa tabarma inda zai riƙa ganin iccen. Ya hana kowa taɓawa. Zubaida, ƙanwar Mai Nasara, wadda take aure a unguwar kasuwa, takan kawo masa fura, domin a gidan nan ta yi wasan ƙasa tana yarinya. Ita ma da ta miƙa hannu sai ya ce, "A'a, ɗiyata. Bari su yi ruwan ɗorawa. Ni zan ce maki."

Ana cikin wannan jira wani ya kai wa Mai Nasara magana a majalisa, cewa Bafillace ya kafa shaida a filinku kana zaune. Washegari ya zo da gatari.

Da Inna Aishatu ta kawo jiƙaƙƙen buhu, Baffa ya sa na jawo iccen har bakin tabarmarsa. Ya bi rassan da yatsa yana zaɓe.

"Ba wanga ba, ya yi ɗanye. Wancan. Mai kaurin tsinken alkalami, mai ido huɗu ko biyar. Yanke. Cire ganyen, bar idon."

Idon da yake nufi shi ne ɗan ƙullin da sabon ganye ke fitowa daga gare shi. Na yanka, na jera a buhu, na naɗe.

"Akwai magarya bayan maƙerarka, inda kake zubda toka."

"Akwai."

"Can za ka ɗaura su."

Na ce, "Baffa, kai da bakinka ka ce ba a yi ma icce aure da ɗari."

"Ba lokacinshi ba ne. Amma reshe ba shi jiran damina. Jibi war haka sun mutu."

"Ni ƙarfe na sani."

"Na sani. Da akwai mutum kusa da ban sa maƙeri ba. Aishatu, ba shi wuƙar."

Wannan ne karo na farko da wuƙar ta dawo hannuna tun ranar da na ƙera ta. Ta sha wasawa har ta zama kamar ganyen dabino. Ya sa na gwada a gabansa da reshen banza. A tsaga gindi a tsakiya, tsagi ɗaya. A fiƙe reshe gefe biyu kamar bakin kurada. A soka, ɓawo ya haɗu da ɓawo. A ɗaure da tsagin leda tamau, a kifa wata ƴar leda a bisa don kada iska ta shiga.

Na farko na fasa shi biyu.

"Ba ƙotar gatari kake sa ba. Sannu."

Na biyu na fiƙe shi kamar mashi.

"Wa za ka soka? Yanka guda, ka ja wuƙar wajenka. Kada ka taɓa yankan da yatsa, hannunka duk gawayi."

Sai da rana ta take tsaka ya ce, "To, wanga ko makaho ya yi shi sai a ce ya yi ƙoƙari. Tahi." Na tafi bayan maƙera, na sassare magaryar tokar, na ɗaura duk abin da ke cikin buhun, ina zufa cikin sanyi.

Da na dawo na iske Inna Aishatu ta ɗauki babban reshe ɗaya mai ƴaƴa ta soka a tulu, ta jingina shi a cikin ɗaki kusa da kan Baffa. Shi ya ce ta yi. Kwana biyu ganyen ya yi yaushi ya fara zuba. Yawancin ƴaƴan suka yanƙwane. Amma kaɗan daga cikinsu, waɗanda suka fi girma, suka ɗan juya launi.

Garin ya ɗauki maganar. Wasu suka ce Mai Nasara yana da gaskiya, sai dai ya yi gaggawa. Ni na ce wanda ya kasa jiran majinyaci ya cika ba gaskiya yake nema ba, kuma na faɗa a ƙofar masallaci inda zai ji. Zubaida ta je ta same shi har gida, ban san abin da ta gaya masa ba, liman ma ya yi masa magana. Ranar Asabar bayan la'asar sai ga shi ya zo dubiya. Ina ɗakin. Ya tsaya a bakin ƙofa, rabinsa a waje.

"Baffa, ya jiki?"

"Da sauƙi, Mai Nasara. Shigo mana, gidanku ne."

Ya shigo ya tsuguna nesa da shimfiɗar. Baffa ya yunƙura, Inna ta tallafe shi ta sa masa matashi a baya. Ya gyara hularsa da kansa. Sai ya ɗaga hannu ya nuna reshen da ke cikin tulu.

"Ga guda nan kusa da kai, ta yi ruwan ɗorawa. Tsinki ka ci."

Na dubi fuskar tsohon. Ba gatse yake yi ba, ba kuma neman kunyata shi yake ba. Murna ce a fuskarsa, irin ta mai gida da baƙo ya sauka.

Mai Nasara ya dubi reshen, ya dubi tulun, ya tura hannayensa cikin aljihu.

"Azumi nike, Baffa."

Jan goro yana nan a haƙoransa, ɗanye. Daga baya ya faɗa a majalisa cewa shi ba yaro ba ne da zai ci abin da Bafillace ya kwana yana yi wa tofi. Ya miƙe, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. A wurina wannan ya fi saran muni. Da ya sara, icce ya kashe. Wannan karon mutum ne ya miƙo masa abu ɗaya da ya mallaka a duniya, ya bar shi da hannu a miƙe.

Hannun bai sauka ba har takun Mai Nasara ya ɓace. Inna Aishatu ta juya fuska wajen bango.

Na ce, "Ni ba a yi man tayi? Ko sai masu fili?"

Ya juyo da idonsa a hankali. "Kai? Mi ka sani ban da gawayi?"

"Gwada ni."

Ya daɗe yana dubana. Sai ya sake gyara hular, ya mayar da hannun wajen reshen.

"Baƙo, sannu da zuwa. Tsinki ka ci."

Na tsinka. Fatarta ta ɗan saki. Na gatsa, bauri ya kama mini harshe.

"Yaya?"

"Ba ta nuna ba. Bauri gare ta. Can ƙarshe akwai alamar zaƙi."

"Alama."

"Kaɗan ƙwarai."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna tana shafa masa baya tana harara ta. Da ya samu numfashi ya ce, "Aishatu, kin gani? Na yi baƙo. Ya ci, ya kushe, bai ko ce an gode ba." Na cinye ta duka, na tsotse ƙwallon, na sa a aljihu.

Daga ranar tambayarsa ɗaya ce. Da na yi sallama da safe, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce, "Ido ya buɗe?" Ni kuma in ce, "Tukuna." Waɗanda na ɗaura suka riƙa baƙi ɗaya bayan ɗaya, suna bushewa a cikin ledarsu, har saura guda. Ban ɓoye masa ba. Jikinsa kuma yana ta ƙasa. Ya daina cin tuwo, sai kunu, daga baya sai ruwa.

Wata safiya Inna Aishatu ta tare ni a zaure.

"Rufa'i, ka ce mashi ya buɗe mana. Mi zai rage ka?"

"Inna, zai ce in kwatanta mashi ganyen. Kuma ko bai ce ba, ba ni yi mashi ƙarya yanzu."

"Kai dai zuciyarka irin uwar maƙerarka ce."

Ban musa ba. Na shiga. Idonsa a rufe, amma ya gane takuna.

"Maƙeri."

"Na'am, Baffa."

"Ido?"

"Tukuna. Amma bai mutu ba. Na kankare ɓawon da akaifa, kore ne."

"Wa ya ce ka kankare?" Muryar da kyar take fita. "Kada ka kwance ledar. Ku maƙera gaggawa gare ku."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Bayan azahar ya cika, Inna tana riƙe da kansa, liman yana laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin la'asar sakaliya mun kai shi. Jama'ar da ta bi makararsa ta fi ta wasu masu gonaki yawa, kuma a hanyar maƙabarta, ta bisa katangu, da wuya mu wuce gida uku ba mu ga iccen da ya ɗaura ba. Mai Nasara ya zo, ya tsaya a sahun baya.

Bayan sadakar bakwai na je zubar da toka, na ga abu a cikin ledar kamar kunnen ɓera, kore, guda biyu. Na aje kaskon na zagaya katanga da sauri kamar yadda na saba. Sai da na kai ƙofar ɗakin na ga tabarmar a naɗe a jingine. Na tsaya. Inna Aishatu tana zaune cikin takaba, ta ɗago kai.

Na ce, "Ya buɗe."

Mai takaba ba ta yawo, saboda haka ta jawo turmi zuwa gindin katanga, ta kife shi, ta hau, ta riƙe kan katangar da hannu biyu tana leƙen bayan maƙerata. Ta daɗe a haka. Da ta sauko ta ce, "Ya ce kada ka kwance ledar." Na ce na ji.

Da ta fita takaba, ɗiyarsu Safi ta zo ta tafi da ita garin Urafane. Kafin su tashi Inna ta raba dashen da ke cikin bido da gwangwani, gida gida, ga duk wanda ke da ƙasar da zai sa. Ni ta ba ni tsohon lemun tsamin. Na haƙa masa rami mai kyau, na zuba taki, na fasa tanon da kurfi da guduma. Saiwarsa ta nannaɗe ta zagaye kanta kamar gammo, ta ɗauki siffar tanon. Na yi ƙoƙarin warware ta, ta ƙi. Na dasa shi haka, na ba shi ruwa safe da yamma. Bai san abin da zai yi da ƙasa ba. Kafin damina ta biyu ya bushe.

Mai Nasara bai ɓata lokaci ba, ya kawo ɗan kasuwarsa. Mutumin ya ce ba ya sayen fili sai a gaban mai gari. Mai gari ya ce a kira magada. Zubaida ta zo ta zauna a gaban mutane ta ce ba a raba gadon ubansu ba, kuma tun da yayanta ya fara raba shi da gatari, gara malamai su ƙarasa. Aka zauna rabo. Aka sa wa Mai Nasara a rabonsa wata gona da ya riga ya sayar ba da sanin kowa ba. Filin gidan Baffa ya faɗa hannun Zubaida.

Magarya ba ta mutuwa don an sare ta. Ruwan farko yana sauka kututturen nan ya fito da tsiro masu ƙaya ta ko'ina. Zubaida ta leƙo maƙera ta ce, "Malam Rufa'i, wuƙar Baffa tana wurinka?" Na ce tana nan. Na yanko reshe daga wadda ta kama a bayan maƙerata, na zaɓi tsiro ɗaya mai ƙarfi a kututturen, na tsaga, na soka, na ɗaure. Yanka guda na yi, ban taɓa da yatsa ba. Ya kama. Da sanyi ya shigo ta yi ƴaƴa, suka nuna a bisa uwarsu. Na ci. Zaƙi ne da ɗan tsami a bayansa, da ruwa kamar na ɗanyen rake. Da na ci ta farko sai da na zauna a kan turmin da ke ƙofar maƙera, har wutar ta mutu ban koma ba.

Zubaida ta cire zanar ƙofar gidan ta bar shi a buɗe. Mun aika wa Inna Aishatu cikin ƙwarya a motar ranar kasuwa. Safi ta ce ba ta da haƙoran ci, amma ta ajiye ɗaya a gefen matashinta har ta bushe.

Mai Nasara ya ji cewa iccen da ya sara a ƙasan ɗauri ya dawo da irin ƴaƴansa na da. An gaya masa yadda aka yi, har ni na gaya masa. Bai yarda ba. Ya ce Bafillacen ya binne wani abu a wurin, kuma abin yana nan yana jiransa. Lungun nan namu shi ne hanyarsa ta masallaci da ta kasuwa tun yana yaro. Bai sake bin sa ba.

Fili ya fita hannunsa, lungun ma ya fita. Kullum ina hango shi daga ƙofar maƙera yana zagayawa ta bakin gudron, shi kaɗai, cikin rana, yana kauce wa manyan motoci.